Hannun Bahago

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran gaba ɗaya. Yaya ƙafar taki? Kin je an duba ta, ko har yanzu kina nan kina shafa mata man zafi kina cewa gobe? Na san halinki sarai.

Kin ce in daina kiranki ina miki kuka a waya, in zauna in rubuta abin da nake ciki kamar mai hankali. To ga shi na zauna.

Ki shafa min kan 'yata. Babanta ya ce da ya biyo ta wajenku da babbar motarsa bai samu ya ce uffan ba, ita ta riƙe maganar daga zuwansa har tashinsa. Ba a banza muka sa mata Aku ba. Ranar da na bar miki ita ko sunan ruwa ba ta iya faɗa daidai, yau ga shi shekara ta uku da rabuwarmu tana neman cika, wai har tana gyara wa mutane magana. Alkawarina yana nan, Yaya. Ranar da za ta fara makaranta ni zan riƙe hannunta in kai ta. Kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu na gama na dawo, in Allah ya yarda.

Kin sha tambayata me nake yi a ɗaki mai duhu tun safe, alhali ni ba likita ba. Bari in faɗa miki sau ɗaya, ki bar gaya wa maƙwabta wai hoton matattu nake ɗauka. Akwai wani ciwo da ke sa tsokar zuciya ta yi tauri, ta kasa tura jini yadda ya kamata. In an yi wa mai irin wannan ciwon tiyata, likitoci sukan gutsuro ɗan nama kamar ƙwayar wake su aiko mana, da yardar mai shi. Sai a daskarar da shi, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a manna a kan ɗan gilashi mai tsawon yatsa. Ni kuma in sa shi a ƙarƙashin na'ura in haska masa wani siririn haske mai ƙarfi da ake kira leza, ɗigo bayan ɗigo. Hasken da ya dawo yakan zo da ɗan canji, gwargwadon sinadarin da ya taɓa, kitse ne ko furotin ko wani abu dabam. Kwamfuta ta tattara ta zana min taswira mai launi. Ba a zuba wa naman rini ko kaɗan.

Masu yanka min naman su biyu ne. Akwai Bahago, mutum mai fara'a, shi ke aiki ranakun tiyata, don haka duk naman marasa lafiya ta hannunsa yake biyowa. Sai wata dattijuwa da muke kira Uwar Tsafta a bayan idonta, wadda in ka ajiye kofin shayi a teburinta sai ka yi da-na-sanin zuwa aiki. Ita ta yanka min naman masu lafiyar zuciya, wanda aka ba mu daga ma'ajiyar asibiti, duk a zama guda tun farkon aikin.

Ga abin da na samu. Naman marasa lafiya yana fitowa ja wur, na masu lafiya shuɗi. Ko Aku aka nuna wa za ta raba su. Farfesan da nake ƙarƙashinsa, wanda ba ya yabon kowa sai dai ya yi ɗan gunaguni a maƙogwaro in abu ya yi masa daɗi, jiya ya tsaya a bayana yana ta gunagunin nan har na gaji. Ya ce in fara rubuta kundin digirina.

Ki sa Aku ta taka takarda ki zagaye ƙafarta da biro, ki aiko min. Na ga wasu baƙaƙen takalma a wani shago kusa da tashar bas.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Maman Aku


Ranar Alhamis

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya kamar yadda nake nan lafiya. Na ji daɗi da kika je asibiti, ko da yake na san sai da maigidanki ya ɗaure miki fuska. Allah ya ƙara sauƙi.

Zanen ƙafar ya iso. Kai, Yaya, wannan ƙafar 'yata ce? Na shimfiɗa takardar a kan tafin hannuna, ta kusa cika shi. Na je na sayi takalman, na ƙara lamba ɗaya saboda kafin lokacin ta ƙara girma. Suna nan cikin kwalinsu a kan kabad, inda nake ganinsu daga gado.

Ranar da na kira ku ta ɓuya a bayanki, sai ido ɗaya take leƙo min da shi. Kin ce kunya ce. Na yarda, amma sai da na daɗe a zaune da wayar a cinyata bayan kun kashe.

A wajen aiki kuwa wani ɗan abu ya ɓata min rai. Matar Bahago ta haihu, ya ɗauki hutu, sai Uwar Tsafta ta karɓi ranakunsa. Ta yanka min naman marasa lafiya uku. Da na haska su, sai ga su shuɗi, tamkar na lafiyayyu. Ɗaya ma daga cikinsu likitan da ya yi masa tiyata ya ce bai taɓa riƙe zuciya mai taurin tasa ba. Na sake haskawa, shuɗi. Na duba lezar, na goge madubai, na kashe na'urar na kunna, shuɗin dai ko gezau.

Kin san bakina. Na je na same ta na ce ko dai ta haɗa min nama da na wani. Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye maganata. Ta cire tabarau ta ajiye, ta ce tun ina rarrafe take yanka nama, ba ta taɓa sa na wani a gilashin wani ba, kuma in ina neman wanda zan ɗora wa laifi in nemi sa'ata. Na fito sumui-sumui. Har yau in na gaishe ta da hanci take amsawa.

Farfesa ya ce in ware ukun nan gefe, uku cikin da yawa ba za su rushe aiki ba, nama yakan lalace a hanya tsakanin ɗakin tiyata da firiza. Na ware su. Rubutu yana tafiya, na wuce rabi. Sai dai duk sanda na buɗe akwatin gilasai idona a kansu yake fara sauka, ban san dalili ba.

Kar ki saya mata jaka, ni zan zo da ita. Ki tambayar min ita wane launi take so, amma kar ki ce ni na tambaya, in ji abin da za ta faɗa da kanta.

A gaida yara, a gaida mai gidan.

Ƙanwarki,
Maman Aku


Ranar Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya ƙafa, ya yaran. Ni lafiyata ƙalau ta jiki. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kar ki karanta a gaban Aku.

Bahago ya dawo jiya. Da safe na shiga ɗakin yanka ina jiran ya ba ni gilashi, na tsaya a bayansa hannuwana cikin aljihu saboda sanyin injin yankan, yana ta ba ni labarin jaririn. Yadda ake yi shi ne, in wuƙa ta shafto naman, yakan kwanta a kan wani ɗan faranti, sai a kawo gilashi a taɓa shi, ya manne. Ina kallo ya ɗauko gilashin da hannun hagunsa, ya shigo da shi ta gefe, a gicciye. Naman ya manne a gicciye. Na taɓa tsayawa a bayan Uwar Tsafta, ita da hannun dama take turo gilashin kai tsaye, ta tsawonsa, naman ya kwanta a miƙe. Nan take na gane. Bahago yana tambayata ko lafiya, na ce masa ina zuwa.

Bari in yi miki bayani. In kika kama bakin igiyar shanya kika kaɗa, ko dai ki kaɗa ta sama da ƙasa, ko hagu da dama. Haske ma kaɗawa yake yi. Na kwan ɗaki yana kaɗawa ta ko'ina a hargitse, amma na leza ta layi ɗaya tak yake kaɗawa. Ita kuma tsokar zuciya zare-zare ce, a jere kamar tsinken tsintsiya. In kaɗawar hasken ta bi tsawon zaren, amsar da ke dawowa tana da ƙarfi. In ta gitta shi, amsar ta yi rauni. Na san wannan, Yaya. Na karanta shi, na ci jarrabawa a kansa. Ban taɓa kawo shi a raina ba, saboda maƙalin da ke riƙe gilashi a na'urarmu ta fuska ɗaya kawai yake karɓa, kullum haka nake zura shi, ban taɓa tunanin yadda naman ya kwanta a kai ba.

Na shiga ɗakin duhu na rufe ƙofa. Na ɗauko gilashin wani mara lafiya, wanda ya fi kowanne ja, wanda na sa hotonsa a shafin farko na rubutuna. Na cire maƙalin, na juya gilashin ya koma a gicciye, na liƙe shi da salatif. Na haska. Ya fito shuɗi. Na ɗauko na mai lafiya na juya shi haka nan, ya fito ja wur.

Shekara biyu da rabi, Yaya, ashe hannun Bahago nake aunawa.

Ba laifinsa ba ne, ba kuma na Uwar Tsafta ba. Duk su biyun daidai suke yanka, ba wanda ya taɓa ce musu kwanciyar naman tana da wani muhimmanci, don masu zuba rini su duba da ido ba ruwansu da ita. Ni ce ya kamata in faɗa.

Yanzu ga inda nake. Ba wanda ya gani sai ni da Allah. Na ɓare salatif ɗin, na mayar da maƙalin, na jera gilasan a akwatinsu yadda suke. Farfesa ya leƙo da rana yana gunaguninsa na jin daɗi, ya tambayi rubutu, na ce yana tafiya. In na yi shiru, masu jarraba ni hotuna za su gani, ja da shuɗi, ba mai zuwa ya tsaya a bayan Bahago. In karɓi takardata in hau mota in zo in kai 'yata makaranta. Ba zan ɓoye miki ba, wannan tunanin ya zauna min a rai daram, kuma bai ba ni kunya yadda na zata ba.

Na dawo gida na sauko da kwalin takalman na buɗe, na mayar na rufe. Ki yi min addu'a.

Taki,
Maman Aku


Ranar Asabar

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ga kiranki har sau nawa, ki yafe min, na san in na ɗauka kuka zan yi, ke kuma kin hana.

Na faɗa wa Farfesa. Ba wani ƙarfin hali ba ne, abinci ne na kasa ci. In na ɗauki cokali sai in ga wani likita wata rana ya riƙe hoto shuɗi yana ce wa mutum ya tafi gida zuciyarsa lafiya lau, alhali kawai da hannun dama aka manna naman. Na gaji da ganin wannan mutumin, shi ya sa na je.

Farfesa bai yi faɗa ba, na ma fi son ya yi. Ya ce in nuna masa. Da hannunsa ya juya gilashin ya liƙa salatif, ya zauna a kujerata har hoton ya gama fitowa. Daga nan ya ce shi ma shekara biyu da rabi yana kallon hotunan nan, kuma shi ya ce a ware ukun nan gefe, don haka kar in kwashe kunyar ni kaɗai, in rage masa tasa.

Na je na ba Uwar Tsafta haƙuri. Ta saurare ni har ƙarshe, ta miƙo min tsumma ta ce in goge inda na dafa mata tebur. Ina jin an shirya ke nan. Bahago kuwa, Allah sarki, wai zai koyi yanka da dama. Na ce ya rufa min asiri ya bar hannunsa yadda Allah ya yi shi, kar ya je ya yanke yatsa ga jariri a gida.

Washegari Farfesa ya buɗe wata durowa ya ɗauko ɗan faifan gilashi, bai fi maɓallin riga ba. Aikinsa shi ne juya layin da haske ke kaɗawa. Muka ɗaura shi a hanyar lezar. Yanzu ba sai na juya naman ba, hasken nake juyawa kaɗan-kaɗan, ina ɗaukar hoto a kowace juyawa, har ya zagayo. Kwamfuta ta haɗa hotunan ta ware min abu biyu da a da suke cakuɗe: wane sinadari ne a wurin, da kuma ina zaren ya fuskanta. Ko da ƙafa aka manna naman, amsa ɗaya za ta fito.

Yaya, na ga abin da ban taɓa gani ba. A zuciya mai lafiya, in ina juya hasken, duk fuskar naman tare take haske, tare take dusashewa. A ta mara lafiya kuwa akwai wurare da suka ƙi bin sauran, nan ya haska can ya dushe, saboda zaren ya cukurkuɗe, ga wani furotin mai tauri ya cusa kansa a tsakani. Bambancin bai kai na ja da shuɗi armashi ba, sai an lura. Amma wannan na zuciyar ne da gaske. Ukun nan da na ware gefe su na fara gwadawa, duka ukun suka nuna ciwon. Na yi ta dariya ni kaɗai a ɗakin duhu kamar wata zararriya.

Sai dai kowane gilashi sai an sake shi daga farko, kowanne kuma yanzu yana cin ninkin lokacin da, ga na'urar ba tawa ce ni kaɗai ba, layi ake bi. Farfesa ya ce shekara guda, in komai ya tafi daidai. Ya ajiye min hanya biyu. Ko in rubuta rahoton kuskuren, a ba ni ƙaramar takarda, in tafi gida kan lokaci, wani ya zo ya ɗora daga inda na tsaya. Ko in zauna in ƙarasa. Na kira baban Aku, yana bakin hanya yana canza taya, ya ce duk wanda na zaɓa yana bayana. Haushi ya kama ni, don so nake wani ya zaɓa min in samu wanda zan yi wa fushi.

Kar ki ce mata komai tukuna.

Ƙanwarki,
Maman Aku


Ranar Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku naku. Ina fata ƙafar ta bar ki kina barci.

Zan zauna. Na gaya wa Farfesa shekaranjiya.

Na so in rubuto miki cewa don marasa lafiya na yi, kuma akwai wannan a ciki. Amma ke kika goya ni, kin san in ina ƙarya. Ina son aikin nan, Yaya. Na kasa jure tunanin wani ya zo ya zauna a kujerata ya juya faifan nan ya ga abin da ni na fara gani. Ba wanda ya tilasta ni. Na auna alkawarin da na yi wa 'yata da wannan, na zaɓi wannan, kuma tun daga ranar ƙirjina yake min ciwo kamar an ɗora dutse. Duka biyun gaskiya ne.

Takalman suna hanya, na ba wani abokin aikin babanta da zai bi ta wajenku ranar Juma'a. Jakar tana ciki, ruwan goro kamar yadda ta ce. Maɗaurin takalmin hagu yana da ɗan tauri, na yi ta lanƙwasa shi da hannu ya saki kaɗan, amma ki sa mata safa mai kauri kar ya ci mata dunduniya. Ranar da za ta fara makaranta, don Allah kar ki tura ta da yara. Ki kai ta da kanki ko da ƙafar tana ciwo, kuma kar ki tsaya a bakin get, ki shiga da ita har ƙofar aji. Ki gaya wa malamar surutunta ba rashin kunya ba ne, haka take. Ki ɗaukar min hoto ta gaba, ki ɗaukar min ta baya tana shiga.

Saura magana ɗaya. Jiya da na kira, kin ajiye wayar a kan tebur kin tafi sauke tukunya, kin zata ba na ji. Na ji ta sarai. Ta ƙwala miki kira ta ce, Mama, ga matar nan ta cikin waya. Na ji kin daka mata tsawa, na ji ta fashe da kuka, sannan kika dawo kina ce min wai faɗuwa ta yi.

Kar ki ƙara yi mata tsawa a kan wannan, Yaya. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Ke take gani in ta farka, ke kike cire mata ƙaya, ke za ki riƙe hannunta ranar nan. Ya yi min zafi, na yi kukana na share, ba kuma zan ce ban san inda na saye shi ba. Ki bar ta ta kira ki abin da bakinta ya saba. In na dawo zan nemi nawa sunan a wajenta da kaina, ko da daga Anti zan fara.

Ki shafa min kanta. Gobe da sassafe layina ne a na'ura, bari in tsaya nan.

Ƙanwarki,
Auta